Tseren Kirsimeti na kilomita 5 a cikin sanyin Ingila: yaya sabon zuwa zai shirya?

Sabon Zuwa ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni zama a ƙasashen sanyi, musamman masu fita motsa jiki a waje.

Na zo Ingila a watan Afrilun bana tare da iyalina. Muna zaune a wani ƙaramin gari da ba shi da nisa da Liverpool, ina kuma aiki a gidan kula da tsofaffi. A makon da ya wuce abokan aikina suka sa sunana a cikin waɗanda za su shiga wani tsere na kilomita 5 da za a yi a filin shaƙatawa na garin, ranar Lahadin farko ta watan Disamba, domin tara wa wani gidan jinyar yara kuɗi. Sun ce mini tseren nishaɗi ne, babu ruwan kowa da wanda ya zo na ɗaya, kuma duk wanda ya biya kuɗin rajista za a ba shi jar riga da jan wando da hula da farin gemu irin na Baba Kirsimeti, wanda su suke kira Santa. Kunya ta sa na amsa musu nan take, sai da na dawo gida na zauna sannan na fara lissafi.

Rabona da gudu na kirki tun ƙwallon makarantar sakandare, yau kusan shekara 15 ke nan. Sanyin da na sani shi ne na hunturun Katsina, wanda mutum zai ji ɗumin wuta da asuba, hantsi na yi ya tuɓe rigar sanyi. Yanzu a farkon Oktoba muke, amma tuni yatsuna suke ƙagewa idan na tsaya jiran bas da safe, ga shi kowa yana gaya mini cewa ba a ma fara ba.

Abin da nake son sani shi ne ko lokacin da ya rage zai isa mutum irina ya shirya. Game da sutura kuwa, niyyata ita ce in sa singileti da suwaita mai kauri da jaket, sannan in ɗora jar rigar a sama, to ban sani ba ko hakan ya wadatar. Sannan 'yata mai shekara 7 ta ji cewa akwai tseren yara na kilomita 1, ta kafe sai ta shiga, alhali tana da asma. Abu na ƙarshe, zuciyata ba ta kwanta da sa kayan Baba Kirsimeti ba, ko da yake ina son taimakon da za a yi wa yaran, kuma ba na son abokan aikina su ga kamar na ware kaina. Na gode.

Tsohon Hannu ya amsa:

Wa alaikumus salam. Barka da zuwa, ƙanena, Allah ya sa ka zo a sa'a. Shekarata 11 a arewacin Ingila, kuma tun shekarata ta uku nake shiga irin wannan tsere.

Lokaci zai isa, amma da sharaɗin ka fara a cikin wannan makon, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Hukumar lafiya ta ƙasar, NHS, tana da manhaja ta kyauta mai suna Couch to 5K, wadda aka tsara a kan mako 9, fita sau uku a kowane mako tare da hutun yini a tsakani, kuma mako 9 ɗin ne ya rage maka daidai. A makon farko tafiya za ka yi da sauri ta minti 5, sannan ka riƙa gudun daƙiƙa 60 kana tafiyar daƙiƙa 90 har tsawon minti 20, a makon ƙarshe kuma za ka kai ga sassarfar minti 30 ba tsayawa. Ko da ba ka kammala shirin ba, babu wata damuwa, domin a tseren nishaɗi za ka tarar da masu tura kekunan jarirai da dattawa masu tafiya suna hira, kuma mai tafiya da ƙafa kawai yana gama kilomita 5 a cikin kamar awa ɗaya.

Inda nake so ka ba ni hankalinka shi ne batun sutura, domin abin da ka tsara shi ne ainihin abin da na yi a karo na farko, kuma na ji a jikina. A wani ƙaramin tsere ne, safiyar tana digiri 3 a ma'aunin Salshiyas. Na sa singiletin auduga da suwaita da jaket, na ɗora kayan Santa a kai, ina tsaye a layi ina yi wa Turawan da ke gefena kallon tausayi saboda 'yar riga ɗaya ce a jikinsu a ƙarƙashin jar rigar. Kafin mu cinye kilomita 2 na jiƙe sharkaf kamar wanda aka tsamo daga rijiya, babu kuma inda zan ajiye jaket ɗin. Na gama tseren lafiya, aka rataya mini lambar yabo, muka tsaya ɗaukar hotuna, daga nan na tafi jiran bas. A cikin wannan rabin awar ne jikina ya ɗauki karkarwa, haƙorana suna haɗuwa, har na kasa buɗe zif ɗin jakata, shayin da aka miƙo mini kuma rabinsa ya zube a kan takalmina. Wata dattijuwa daga cikin masu aikin sa-kai ce ta lura da ni, ta lulluɓe ni da wani siririn bargo mai ƙyalli kamar takardar da ake naɗe gasasshen kifi, ta sa ni a cikin motarta ta kunna ɗumi.

Abin da na gane daga baya shi ne cewa mai gudu ba ya rasa ɗumi, jikinsa ma ninkin-ba-ninkin abin da yake buƙata yake samarwa, shi ya sa yake zufa ko ana dusar ƙanƙara. Haɗarin yana cikin tsayuwar da ake yi kafin a tashi, da kuma wadda ake yi bayan an gama da jiƙaƙƙun kaya. Auduga tana shanye zufa ta riƙe ta a jikin fata, jiƙaƙƙen tufafi kuma yana zuƙe ɗumin jiki da sauri ƙwarai, balle a ce akwai iska. Don haka masu gudu suke bin wata ƙa'ida, wato mutum ya yi shiga kamar ɗumin garin ya fi yadda yake da kimanin digiri 10. Idan ka fito kana jin ɗan sanyi a mintuna goma na farko, to shigarka ta yi daidai.

Ka nemi riga mai dogon hannu ta zaren roba ko ta ulu mara kauri wadda take manne wa jiki, irin wadda ake sayarwa a shagunan kayan wasanni da araha, da dogon wando irinta, da safar hannu da hular da za ta rufe kunnuwa. Yatsu da kunnuwa su ne suke fara shan wuya, kuma safar hannu tana shiga aljihu idan ka ji zafi. Domin zaman jira, ka ɗora tsohuwar suwaita wadda za ka miƙa wa uwargida idan an kusa tashi; wasu ma ledar shara suke hudawa su zura kai, kuma tana tare iska fiye da yadda kake zato. Mafi muhimmanci, ka zo da jaka mai ɗauke da busasshiyar riga da safa da jaket mai kauri da filas na shayi, kana ƙetare layin ƙarshe ka sauya kaya kafin ka tsaya hoto da kowa.

Su kayan Santa ɗin, idan ka yanke shawarar sawa, kada ka ɗauke su a matsayin rigar sanyi. Yadin sirara ne, wandon yana yawan zamewa ko ya yage a tsakiya, don haka ka tafi da fil guda biyu ko uku. Gemun kuma zarensa yana shiga baki, yawancin mutane kafin kilomita 1 sun sauke shi zuwa wuya. Zancen halaccin sawa na malamai ne, ba zan sa baki a ciki ba. Abin da na gani da idona shi ne, a ƙananan tseren da na shiga ban taɓa ganin an kori wani don bai sa kayan ba. Ka rubuta wa masu shiryawa ka tambaye su kai tsaye. A babban tseren Liverpool ma, wanda aka fara a 2004 kuma dubban mutane suke taruwa dominsa a bakin kogin Mersey, sai da aka samar da shuɗin kaya saboda magoya bayan ƙungiyar ƙwallo ta Everton ba za su yarda a gan su cikin ja, launin abokiyar hamayyarsu Liverpool, ba, kuma duk garin ya ɗauki abin a matsayin raha.

Saura abu biyu game da atisaye. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba za a mayar da agogo baya da awa ɗaya, zuwa Disamba kuma rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8 na safe, ta faɗi wajen ƙarfe 4 na yamma, wato mafi yawan fitarka a cikin duhu za ta kasance, don haka ka sa riga mai ɗaukar hasken fitilar mota. Sannan ka ji tsoron ƙanƙarar da ba a gani, wadda take kwanciya a kan kwalta kamar ruwa ne kawai ya jiƙa wurin. Manyan tituna ana watsa musu gishiri, amma hanyoyin cikin filayen shaƙatawa sau da yawa ba a watsawa. Duk safiyar da ka ga gilasan motoci sun yi fari, ka rage faɗin taku, ka kuma yi hattara da gadojin katako da jiƙaƙƙun ganyaye.

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa, ina gaida uwargida da 'yar tamu. Yaya Tsohon Hannu ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai zan ɗan ja da shi a wuri ɗaya. Ƙa'idar nan ta digiri 10 an yi ta ne domin wanda zai yi gudu tun daga farko har ƙarshe. Wanda zai riƙa haɗawa da tafiya, kamar yadda nake zaton za ka yi, ba zai samar da ɗumi mai yawa haka ba, yarinya 'yar shekara 7 kuwa sam ba ta cikin wannan lissafi, domin jikin yara ya fi na manya saurin zubar da ɗumi, kuma ba sa faɗa da wuri idan wasa ya ɗauke musu hankali. Gara siraran riguna biyu ko uku waɗanda za a iya cire ɗaya a ɗaura a ƙugu. A kan guje wa auduga da sauya kaya nan take kuwa, ina tare da shi ɗari bisa ɗari.

Asma ba ta hana yaro gudu idan ana kula da ita yadda ya kamata, akwai ma zakarun wasanni da dama da suke ɗauke da ita. Matsalar ita ce iska mai sanyi busasshiya ce, kuma mai haki da baki yake shaƙarta, ba ta bi ta hanci ba balle ta ɗumama ta sami laima, sai hanyoyin numfashi su tsuke, a fara tari da shessheƙa. Ka kira asibitin unguwa inda kuka yi rajista, ka nemi a haɗa ku da ma'aikaciyar da ke duba masu asma tun cikin wannan watan, ku gaya mata batun tseren, ita ce za ta faɗa muku ko yarinyar za ta shaƙi maganinta kafin a fara da kuma adadin da za ta shaƙa. Ranar tseren, maganin shaƙa na gaggawa, wanda galibi shuɗi ne, ya kasance a aljihun babban da ke gudu a gefenta, kada a bar shi a jaka a can wurin ajiya. A yafa mata ɗan mayafi sako-sako a kan hanci da baki, a kuma sa ta ɗumama jiki da tafiya da tsalle-tsalle na kamar minti 10. Idan ta tashi da mura ko tari a wannan makon, a haƙura, ko da za ta yi kuka. Idan kuma numfashi ya yi mata wuya har ta kasa haɗa magana, maganin bai yi aiki ba, a kira lambar gaggawa ta 999 ba tare da jira ba.

Domin ta saba, akwai junior parkrun, gudun kilomita 2 na kyauta da ake yi wa yara 'yan shekara 4 zuwa 14 a safiyar Lahadi a garuruwa da yawa. Ku je sau biyu ko uku a watan Nuwamba kuna tafiya kuna ɗan gudu, za ku ga yadda ƙirjinta yake karɓar sanyin kafin ranar.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma dole in ambata saboda mutanenmu da za su karanta. Mai ciwon sikila ya yi taka-tsantsan sosai da irin wannan fita, domin sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da wahalar da jiki duk suna cikin abubuwan da suke tayar da ciwon, ga su kuma sun haɗu a safiya ɗaya. Kada ya shiga sai da shawarar likitansa. Kai ma, tunda ka daɗe ba ka yi gudu ba, ka tsaya a kantin magani a auna maka jini, domin sanyi yana tsuke jijiyoyi ya ƙara hawan jini, kuma mutane da yawa suna yawo da shi ba su sani ba. Ka riƙa shan ruwa ko ba ka ji ƙishi ba, tunda sanyi yana danne ƙishirwa. Abin da ya sami Yaya a tashar bas kuwa mafarin abu ne mai haɗari: idan ɗumin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, bayan karkarwa sai magana ta fara sarƙewa, mutum ya rikice ya ji barci.

Ɗan Jos a Madrid ya amsa:

Gaisuwa gare ku duka. Ni Kirista ne, kuma ko a wurinmu jar rigar nan ta fi kusa da kasuwa a kan majami'a. Asalin labarin wani bishop ne mai suna Nikolas da ya rayu a ƙarni na 4 a garin Myra, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, wanda ya shahara da kyauta ga mabuƙata, amma mai ƙaton ciki da farin gemu da ake gani a shaguna daga baya aka ƙera shi. Don haka, ɗan'uwa, ban ga abokin aikin kirki da zai ji haushi don ka zo da rigarka ba, muddin ka zo.

A nan Sifaniya namu tseren ranar 31 ga Disamba ake yin sa, sunansa San Silvestre Vallecana, kilomita 10 ne, kuma tun 1964 ake gudanar da shi, an kwaikwayo shi daga na birnin Sao Paulo na Barazil wanda aka fara a 1925, ko da yake su a can lokacin zafi ne. Ana tashi daga kusa da filin wasa na Real Madrid a nufi unguwar Vallecas da yamma, mutum dubbai, wasu da kayan ban dariya iri-iri, wasu da kayan gudu kawai. Abin da na koya a cikinsa, wanda zai yi maka amfani, shi ne kada taro ya ja ka. Kiɗa da ihun 'yan kallo suna sa mutum ya fita da gudun da ya fi ƙarfinsa, ga shi mafi yawan hanyar tamu gangara ce, sai an kusa ƙarshe a tarar da hawa, nan za ka ga waɗanda suka wuce ka kamar iska sun riƙe ƙugu. Ka tsaya can baya a layin tashi, ka riƙe saurin da za ka iya yin magana a cikinsa.

Sabon Zuwa ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na bari sai na yi mako biyu ina bin shirin kafin in dawo da labari. Na rubuta wa masu shiryawa, suka ce kayan ba dole ba ne, kuma kuɗin rajistar duk ɗaya ne, don haka zan sa rigar guduna, abokan aikina kuma ko a jikinsu, ɗaya ma cewa ya yi tunda ina da gemuna na Allah ba na buƙatar na roba. Hajiya, an ba mu lokacin ganin ma'aikaciyar asma a mako mai zuwa, an kuma auna jinina lafiya lau. Damuwata yanzu ita ce ƙwaurina yana ciwo bayan kowace fita, kuma da kambas ɗin da na zo da shi daga gida nake gudun. Shin in ci gaba da shi, ko in sayi sabo in ajiye sai ranar tseren?

Tsohon Hannu ya sake amsawa:

Madalla, ƙanena. Ka sayi takalmin gudu na gaske yanzu, ka fara sa shi daga fita ta gaba, domin sabon takalmi ranar tsere bororo yake haifarwa. Ba sai mai tsada ba, ka dai je shagon da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka gwada shi da safar da za ka riƙa gudu da ita, ka bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu a gaban yatsun ƙafarka, ka kuma duba ƙasansa yana da zane mai kama ƙasa. Ciwon ƙwauri ya zama ruwan dare ga sabon mai gudu a kan kwalta. Ka huta kwana biyu ko uku, ka koma kan ciyawa ko hanyar ƙasa, ka maimaita mako na biyu maimakon ka tsallaka na uku. Idan ciwon ya tsaya a wuri guda wanda za ka iya nunawa da yatsa, ko yana damunka ko a tafiya, to ka dakata ka ga likita.

Kafin ƙarshen Nuwamba ka je parkrun na manya ko sau ɗaya. Kilomita 5 ne kyauta, kowace Asabar da ƙarfe 9 na safe, rajista ɗaya ake yi a intanet a ba ka lambar da za a riƙa duba lokacinka da ita, kuma akwai mai aikin sa-kai da aka ɗora wa tafiya a bayan kowa, don haka ba za ka zo na ƙarshe ba. Ka je da ainihin kayan da za ka sa ranar tseren, har da jakar busassun kayan, ka gwada sauya riga a tsaye a cikin iska. Ka kuma shafa basilin ko man kaɗanya a leɓe da kumatu kafin ka fita daga gida.